Yadda na koyar da insha'i da hotunan unguwarmu

Shekara 11 ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati da ke wajen badalar Kano, kuma a tsawon waɗannan shekaru babu darasin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya kamar insha'i. Yadda na gada daga malamaina haka nake yi: in rubuta kan magana a allo, ko "Makarantarmu" ko "Yadda na yi hutuna", in yi ɗan bayani, sannan in ce kowa ya ɗauki fensirinsa. Yara huɗu ko biyar da ke bencin gaba sai su rubuta layi uku, na bayansu su leƙa su kwafa, rubutun ya yi ta tafiya daga benci zuwa benci har ya kai bango. Idan na kwashi littattafan nan 74 na kai gida, abin da nake tararwa kusan guda ne, wato makarantarmu tana da kyau, tana da malamai, ina son makarantarmu. Kuskuren da yaron farko ya yi ma sai in gan shi a littafi 30 ba tare da ya canja kama ba.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, waɗannan yaran da fensir ke yi wa nauyi a aji, da zarar an kaɗa ƙararrawar tara sai bakinsu ya buɗe. A gindin darbejiyar da ke tsakar makaranta nakan ji yaro yana ba da labarin yadda a-daidaita-sahu ya kusa take akuyar maƙwabcinsu, yana kwaikwayon muryar direba da ta mai akuya, yana sanin inda zai dakata don a ƙagu a ji ƙarshen zancen. Ashe labarin yana nan, gwanintar ma tana nan, hanyar da za su bi daga baki su sauka a takarda ce ban buɗe musu ba.

A makon farko na zango na biyu, cikin Janairun 2023, hunturu ya kankama, ina shigowa da safe sai na tarar kurar wani ɗan garuwa ta kife a bakin ƙofar makaranta. Taya ɗaya ta faɗa rami, jarkoki sun tarwatse, ruwa yana malala cikin ƙura, shi kuma yana tsaye ya ɗora hannu biyu a ka ya ba ni baya. Na ɗauki hoton ne don in nuna wa shugaban makaranta irin ɓarnar da ramin yake yi. Da na shiga aji huɗu, inda nake da darasin Hausa a ranar, sai na ji yara suna ta musu a kan abin da ya faru, waɗanda suka gani suna faɗa, waɗanda ba su gani ba suna ƙaryatawa. Maimakon in tsawatar, sai na ciro wayar na bi layi-layi ina nuna musu hoton, na ce duk wanda ya san yadda aka yi kurar nan ta kife ya rubuta mini, kada ya faɗa da baki.

Ranar ce karo na farko da na karanta littattafan ajin nan ban ga biyu da suka zo iri ɗaya ba. Wani ya ɗora laifin a kan rami, wani ya ce jarkokin ne suka yi yawa, wata ta ce mai babur ne ya razana shi. Wani yaro kuma, wanda mahaifinsa ma sana'ar garuwa yake yi, bai kula da musun ba sam, ya rubuta cewa mutumin nan sai ya koma rijiyar burtsatse ya sake biyan kuɗin ruwa, kuma idan kurar ta haya ce to da yamma mai ita zai karɓi kuɗinsa cif, bai san da wani rami ba. Rubutun cike yake da kurakurai, babu aya ko ɗaya, amma ni da nake malamarsa ban san wannan lissafi ba sai da na karanta a littafinsa. Daga nan na ƙudura cewa zangon nan gaba ɗaya da hoto zan koyar da insha'i.

Na sami shugaban makaranta a ofis na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ban hana ba, amma da sharaɗi biyu. Kada wayar ta zama abin wasa a hannun yara, kuma kada tsarin darasin da aka ba ki na zango ya tsaya." Na amince. Kayan aikin da na tara ba su da yawa: wata tsohuwar wayata ƙirar Tecno da gilashinta ya ɗan tsage a gefe, wadda na cire mata layi don kada kira ko saƙo ya shigo ana tsakar darasi, da ma'ajiyar caji guda, da ƙaramar lasifika mai Bluetooth da na aro a gida. Makarantarmu ba ta da wutar lantarki a ajujuwa, saboda haka komai sai na cika shi da caji tun da dare. Na kuma yanke shawarar cewa da Hausa za mu yi aikin. A shekarun baya, manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe tana tanadar a koyar da yaro da harshen da ake yi a yankinsa a shekaru uku na farko, daga aji huɗu kuma a koma Turanci, amma na ga cewa yaron da bai taɓa rubuta tunaninsa da harshen da yake mafarki da shi ba, zalunci ne a ce ya fara da wanda yake haddacewa.

Kuskurena na farko na yi shi tun a mako na biyu. Ganin hoto ya yi aiki, sai na zaci kowane hoto ma zai yi, na shiga intanet na sauko da masu kyau: jirgin ruwa a teku, yara suna wasa cikin dusar ƙanƙara, wani gari mai dogayen benaye da fitilu. Yaran sun yi ta mamaki, sun yi ta turereniya don su gani, amma da aka zo rubutu sai muka koma gidan jiya. Jirgi ne. Yana da girma. Yana da kyau. Hoton da yaro bai san abin da ke bayansa ba, kallo kawai yake ba shi, ba ya ba shi abin faɗa. Na ajiye su, ban sake waiwayarsu ba.

Daga nan na mayar da ranakun Asabar na yawon ɗaukar hoto a unguwa. Na ɗauki mai faci yana tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda iska ke fita, da teburin mai shayi da gwangwanayen madara a jere, da injin markaɗe da layin robobi a gabansa, da maƙeri yana zuga wuta, da tulin rake a bakin titi. Kowa sai na gaishe shi na yi masa bayani kafin in ɗaga waya, kuma yawancin hotunan na hannuwa ne da kayan aiki, ban cika ɗaukar fuska ba. Wata Asabar na shiga cikin gari har marinar Ƙofar Mata na ɗauko ramukan baba da turamen da aka shanya, na kuma ɗauki Dutsen Dala daga nesa. A hankali na gane irin hoton da ke jawo rubutu: wanda aka kama ana tsakiyar yin wani abu, ba a fara ba kuma ba a gama ba. Hoton Dala, duk da darajarsa a tarihin garin nan, layi biyu ya samar, amma hoton wata tunkiya da ta zura kai cikin buhun dusa a bayan mai shago ya cika shafi.

Matsalar da ta fi cin lokacina ita ce yadda yara 74 za su ga abin da ke fuskar waya guda. Wani abokin aikina ya aro mana ƙaramin majigi mai caji, muka rataya farin zanin gado a kan allo, muka rufe tagogi. Maigadinmu, dattijo ne, ya leƙo ya tsaya yana murmushi, ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana yaro, lokacin da motar majigi take zuwa ƙofar gidan hakimi da dare a nuna wa jama'a yadda ake noma da tsaftar gida. Hoton ya fito ƙato, kowa ya gani, amma da tagogi a rufe ajin ya yi duhun da ba a iya rubutu, numfashi ya yi nauyi, batirin kuma bai kai ƙarshen darasi ba. Sau huɗu kacal muka yi amfani da shi. Abin da ya ɗore shi ne mafi sauƙi: na raba ajin rukuni 9, ina kai hoton mako shagon buga takardu a fitar mini da kwafi 9 baƙi da fari, ita kuma wayar tana zagayawa don a ga launi, a kuma buɗa hoton da yatsu biyu a ga ƙananan abubuwan da takarda ta ɓoye.

Zuwa mako na huɗu darasin ya kama tsari. Da farko minti biyu na kallo, ba magana, wanda shi ne mafi wuya ga yara. Sai kowane rukuni ya tattauna, ni kuma ina zagayawa ina tsintar kalmomin da nake ji suna fitowa daga bakinsu ina rubutawa a gefen allo: zugazugi, uwar maƙera, gawayi, tartsatsi, lauje. Waɗannan kalmomi su ne jarin rubutun, duk wanda ya maƙale sai ya ɗaga kai ya ɗauka. Bayan haka sai a kife takardun hoton, a mayar da waya cikin jakata, kowa ya fuskanci littafinsa na minti 15. Na dage a kan wannan mataki na ɓoye hoton, domin na lura muddin yana gabansu idonsu ba ya sauka a kan takarda.

Duk da haka sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Yara da yawa sun koma lissafa abin da ke cikin hoton kawai: ga mutum, ga wuta, ga guduma. Wannan ba labari ba ne, ƙirga kaya ne. Maganin da na samu tambayoyi biyu ne da nake rubutawa a saman allo kowane mako: me ya faru kafin a ɗauki hoton nan, kuma me zai faru bayan an ɗauka? Wani lokaci kuma sai in yanke rabin hoton a waya kafin a buga, in nuna musu yaro yana gudu ba tare da an ga abin da ya biyo shi ba, sai sun gama rubutu in nuna cikakken. Waɗannan tambayoyi ne suka shigo da "bayan haka" da "saboda" da "amma" cikin rubutunsu, kalmomin da na shekara ina koyarwa a darasin nahawu ba su zauna ba.

Akwai wata yarinya da ke zama a benci na ƙarshe kusa da taga, wadda tun farkon shekara ban taɓa jin muryarta ba sai wajen amsa kiran suna. Kusan kullum a makare take zuwa, hijabinta da ɗigon ƙullu, littafinta kuma kwanan wata ne kawai a saman kowane shafi. Ranar da muka yi hoton injin markaɗe, ina zagayawa sai na ga ta miƙa hannu ta jawo takardar gabanta, ta ɗora yatsa a kan wata roba mai murfi a cikin layin, ta ce da ta kusa da ita a hankali, "Wannan tamu ce." Da lokacin rubutu ya yi ta sunkuya, har aka kaɗa ƙararrawa ba ta ɗago ba. Ga abin da ta rubuta, bayan na gyara rabon kalmomi na sa aya: "Wannan injin layinmu ne. Kullum bayan sallar asuba ni nake kai waken ƙosai. Idan ka makara sai ka tarar layi ya kai bakin kwata. Mai injin ba ya jin magana sai an taɓa shi, saboda ƙara ta kashe masa kunne. Ranar da robata ta faɗi ban koma gida ba sai da rana ta take."

Na karanta jimlar ƙarshen nan sau da yawa a daren. Washegari ban taɓa kurakuranta da jan biro ba, na rubuta mata tambaya ɗaya a ƙasan shafin: ina kika tafi? Bayan kwana biyu ta ajiye littafin a kan teburina ba tare da ta dube ni ba. Ta ƙara layi takwas, ta ba da labarin yadda ta tafi gidan kakarta tana kuka, kakar ta auno wake daga nata ta jiƙa, ta rako ta har gida don kada a dake ta, da yadda ƙosan ranar bai fita ba sai da yamma. Daga wannan yarinya na koyi cewa tambayar da malami ya yi don yana son jin amsa ta fi gyara goma jawo rubutu, kuma tun daga lokacin na raba aikin biyu: a rubutun farko tambaya kawai nake yi, gyaran ƙa'ida sai a na biyu. Na kuma daina tsayar da ita a bakin ƙofa idan ta makara.

Ɗaukar murya ita ce dabarar da ta fi taimakon matsakaitan ajin, waɗanda suka iya haɗa baƙi da wasali amma jimla take kuɓuce musu kafin su kai ƙarshenta. Sai in sa yaro ya faɗi labarinsa a waya na tsawon minti ɗaya, sannan in kunna masa ta lasifika, in riƙa tsayarwa bayan kowace jimla shi kuma yana rubutawa. Shifta ce, amma daga bakinsa take fitowa. A nan ne aya ta sami ma'ana a wurinsu, domin na ce su saurari inda muryarsu ta sauka suka ja numfashi, nan ne gurbinta. Farkon yin haka dariya ta hana aiki, kowa yana cewa ba muryarsa ba ce, amma bayan mako guda sun saba, har masu kunya suna neman a ba su dama. Aibin dabarar shi ne cin lokaci, domin a darasi guda ba na wuce yara biyar.

A wajen mako na shida na miƙa musu ɗaukar hoton. Kowace Alhamis rukuni ɗaya yake fita tare da ni lokacin tara, ba ma wuce layin makaranta, kuma kowane yaro hoto ɗaya tak yake da shi, saboda haka sai ya yi tunani kafin ya danna. Dokokinmu a rubuce suke a bango: a yi sallama a nemi izini, ba a leƙa cikin gida, ba a ɗaukar mace ko wanda ya ce a'a. Abubuwan da suka zaɓa ni ba zan taɓa kula da su ba. Wani ya ɗauki ƙwallon tsumma da ta maƙale a kan rufin kwano, wata ta ɗauki silifas guda ɗaya a bakin kwata, wani ya ɗauki allunan almajirai a jingine da bango da tawada ba ta bushe ba. Labarin silifas ɗin kaɗai ya fito ta fuska 11, kuma a ganina rubutun da aka yi a kan hotunansu ya fi wanda aka yi a kan nawa rai.

A daidai wannan lokaci ne na gamu da sakamakon wani sakaci nawa. Wata safiya aka kira ni ofis, na tarar da mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina mata a zaune, fuskarsa ba walwala. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Malama, labari ya zo mini cewa kina ɗaukar hotunan 'ya'yanmu kina sakawa a Facebook. Ni karatu na turo ta, ban turo ta a nuna wa duniya ba." Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, laifina ne da ban fara sanar da ku ba. Ga wayar, ku duba da kanku." Na nuna masa cewa babu layi a cikinta, na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, na kuma ɗauko littafin 'yarsa na buɗe masa shafin farkon zango da na makon da muke ciki. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ya ga aikin, ta ci gaba da rubutunta, amma bai yarda ta fita layi ɗaukar hoto ba, kuma kada a ɗauki muryarta.

Na bi abin da ya ce har ƙarshen zango, kuma ina ganin yana da gaskiya a kan asalin maganar. Hoton yaro da muryarsa amana ce, kuma abin da ya shiga waya yana iya fita ta hanyar da mai wayar bai shirya ba. Kamata ya yi tun kafin in fara in kai maganar gaban kwamitin iyaye da malamai. Shugaban makaranta ya sa aka yi hakan a taron da ya biyo baya, inda na yi alkawarin cewa ba za a tura komai ta WhatsApp ko wani dandali ba, kuma za a goge muryoyin idan zango ya ƙare. Iyaye uku ne suka nemi a cire 'ya'yansu daga fita, sauran suka amince.

Matakin shigar da rubutu cikin waya na ajiye shi ne ga labarin da ya wuce gyara na biyu, don ya zama lada. Na sanya Hausa cikin harsunan Gboard, wato manhajar haruffan da ake bugawa a waya, domin a sami ɓ da ɗ da ƙ, kuma a nan ne wani yaƙi da na daɗe ina yi ya zo da sauƙi. Yara da yawa suna rubuta "qosai" da "qofa", kamar yadda suke gani a wayoyin yayyensu, wasu kuma ba sa sa lanƙwasa ko kaɗan. Da wani yaro ya buga cewa ya share daki, sai na sa ya karanta da ƙarfi yadda ya rubuta, ajin ya gyara masa tun kafin in yi magana. Muka buɗe shafi a bango na kalmomin da lanƙwasa ke raba su: kasa da ƙasa, baki da baƙi, bata da ɓata, kafa da ƙafa. Na gaya musu cewa tun shekarun 1930 aka shigo da waɗannan haruffa cikin rubutun boko a Zariya, don a bambanta sautukan da Turanci ba shi da su. Haka nan maɓallin tazara ya koya musu raba "ya ce" da "na ga" fiye da yadda allo ya yi, domin sai yaro ya yanke shawara da yatsarsa ko zai danna ko ba zai danna ba. Bugun yana da jinkiri ƙwarai, layi biyar kan ci minti 20, don haka yawancinsa bayan an tashi muke yi da waɗanda gidajensu ke kusa.

Dole in faɗi inda hanyar nan ba ta kai ba. A ajin akwai yara 16 da suka iso aji huɗu ba su iya haɗa gaɓa ba, wasu ma ba su gama rarrabe b da d ba. Hoto ya sa sun yi magana, wasunsu ma sun fi kowa iya labari, amma hoto ba ya koyar da baƙi da wasali. Abin da na iya yi musu shi ne su faɗa, wani ɗan rukuninsu ya rubuta, su kuma su kwafi jimla ɗaya su sa sunansu a ƙasa, sannan na ware musu minti 20 sau biyu a mako muna komawa kan ba, bi, bu. Na sauko musu da wasu gajerun labaran Hausa masu hotuna daga African Storybook, wanda ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu take gudanarwa kyauta, muna karantawa tare a waya. Zuwa ƙarshen zango shida daga cikinsu sun fara rubuta gajeriyar jimla da kansu. Goman da suka rage har yanzu suna raina, domin na san abin da suke buƙata ya fi ƙarfin malama guda a aji mai mutum 74.

Ƙarshen aikin ya faɗo a lokaci mai wuya. Makarantarmu rumfar zaɓe ce, saboda haka kafin 25 ga Fabrairu sai da muka ɓamɓare duk abin da muka manna a bango muka adana a kwali a ofis, muka sake yin haka kafin zaɓen gwamna na 18 ga Maris. Ga kuma ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a watannin nan, wanda ya sa gudummawar da wasu iyaye suka yi niyyar bayarwa ta gagara. Mai shagon buga takardu ya karɓi fayil ɗin ta Xender, ya yarda in tura masa kuɗin ta banki kashi biyu. A bugun gwaji sai duk haruffa masu lanƙwasa suka fito kamar ƙananan akwatuna, domin salon rubutun da ke kwamfutarsa bai san su ba, muka zauna tare muna canjawa har muka dace da wanda ya fito da su daidai. Mun fitar da ɗan littafi mai labari 22, kowanne da hotonsa a sama da sunan marubucinsa a ƙasa, kwafi 12, muka ɗinke su da zare da allura a aji.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, don haka muka yi zaman karatun da sassafe kafin rana ta yi zafi, muka gayyato 'yan aji uku suka zauna a tabarma a gindin darbejiya. Ɗan mai garuwa ne ya fara, ya karanta lissafinsa na kuɗin ruwa da kuɗin haya. Da aka zo kan yarinyar benci na ƙarshe, ta miƙe da littafin a hannu biyu, muryarta ba ta wuce layin gaba ba, sai na miƙa mata wayar da ke haɗe da lasifika na kunna abin da ta ɗauka da kanta tun jiya, ita kuma tana bin layukan da yatsa har ƙarshe. Kwafi biyu na ajiye a ofishin shugaban makaranta, tara na bar wa rukunonin ajin a cikin kwali. Na ƙarshen kuwa ita ta roƙe ni in ba ta aro na kwana ɗaya, ta ce za ta kai wa mai injin markaɗe, tunda ba ya jin magana sai dai a nuna masa.